Yadda ake gwada gubar ruwan masai da ake zubawa a teku ta hanyar ciyawar teku

Duk garin da ke bakin teku zaka samu akwai wani bututu, ko wata babbar kwata, ko wani wuri da motocin kwasar masai ke juya baya su sauke, kuma abin da mutane suka ɗauka shi ne ai teku babba ne zai shanye. Zai shanye ɗin, amma kafin ya shanye akwai tazarar da ruwan nan ke bi ta kan duwatsun gaɓa, kuma a kan duwatsun nan akwai masu rai da ba su da ƙafar gudu. Kifi in ya ji ruwa ya canja sai ya yi gaba abinsa. Ciyawar teku kuwa a manne take, duk abin da ya zo shi zata sha safe da yamma, shi yasa masana suka mai da ita ma'auni, kuma shi ne aikin da nake so in koya maka yau tun daga ɗebo ruwan har zuwa karanta sakamako.

Na san wani zai ce to a kai ruwan lab mana a auna sinadaran da ke ciki a huta. Ana yi, kuma yana da amfani sosai, amma injin awo abin da ka tambaye shi kawai yake faɗa maka. Ka ce ya nemo jan ƙarfe zai nemo, ka ce amoniya, sinadarin nan mai warin fitsari, zai nemo, wanda baka ambata ba ko yana nan fal ba zai ce uffan ba. Ruwan masai na birni kuwa tarkace ne, akwai bahaya da fitsari, akwai omo da bilic da man shafawa, ragowar magungunan da jikin mutane ya fitar, baƙin man gareji, ruwan rini, sannan in ya bi ta matata a ƙarshe a zuba masa kulorin. Wasu in sun haɗu su ƙara wa juna ƙarfi, wasu su dakushe juna, kuma babu takardar awo da zata nuna maka wannan. Sai ka sa abu mai rai a ciki ka ga yadda ya kwana.

Amma fa ga inda mutane da yawa ke kuskure, kuma in ba abin da ka riƙe a duk rubutun nan to ka riƙe wannan: kar ka tsaya kallon babbar ciyawa ko ta yi kore ko ta girma. Ruwan masai taki ne, cike yake da naitirojin da fosfaras, sai ka ga ciyawa ta yi shar ta ƙara faɗi a cikinsa ka ce lafiya lau, alhali haihuwarta ta tsaya cak. Ƙwai da maniyyi da 'yan ƙwayoyin irin da ido ba ya gani, su ne masu rauni, su guba ke fara kamawa. Uwa tana nan a kan dutse amma babu 'ya'ya masu maye gurbinta, shekara kaɗan sai a wayi gari dutsen ya zama fili.

An ga wannan ƙarara a Ostareliya. Tun 1975 babbar matatar da ke gabashin birnin Melbon take tura ruwanta ta wani dogon bututu zuwa wani wuri da ake kira Boags Rocks a bakin teku. Ruwan tacacce ne fa, ba ɗanye ba. Duk da haka wata ciyawa mai ruwan ƙasa, Hormosira banksii, wadda ke kama da carbi ƙulli-ƙulli kuma ita ke rufe duwatsun yankin tana ba ƙananan halittu inuwa in ruwa ya janye, sai ta ɓace daga kewayen bakin bututun, koriyar ciyawa mai son taki da wasu tsutsotsi masu gina gida da yashi suka maye wurin. Da masu bincike na jami'ar Monash suka ɗauki ƙwan ciyawar suka sa a ruwan a ɗakin gwaji, sai ta bayyana amoniya da kuma ƙarancin gishiri su ke nakasa 'ya'yan tun suna ƙanana. Daga baya an gyara matatar an rage amoniyar, a 2012 kuma aka ƙara mata wani babban mataki na tacewa. Ruwa dai ba ya tsami banza, gwajin ne ya nuna inda tsamin ya fito.

To wace ciyawa zaka ɗauka? Akwai hanyoyi da aka daɗe ana aiki da su. A Amurka, ɗakin binciken hukumar kare muhalli ta EPA da ke Narragansett ya fito da gwajin wata jar ciyawa mai suna Champia parvula a shekarun 1980, Glen Thursby da Richard Steele suka yi aikin, kuma yana cikin littafin hukumar da lamba 1009.0. A Kaliforniya suna amfani da ƙatuwar ciyawar nan Macrocystis pyrifera da ke yin daji guda a ƙarƙashin ruwa. A Suwidin Britta Eklund ta tsara gwaji da Ceramium tenuicorne saboda ruwan tekun Baltik mai ƙarancin gishiri, na kwana 7 ne, har ya zama ƙa'idar duniya ISO 10710 a 2010. A Koriya ta Kudu kuma Taejun Han na jami'ar Incheon da abokan aikinsa suka yi nasu da Ulva, koriyar ciyawar nan mai faɗi kamar ganyen latas. Ni a ganina da ɗan gari akan ci gari, ciyawar da ke zaune a gaɓar da kake magana a kai ita ta fi cancanta ka tambaya. Zan daɗe a kan Champia saboda ita ta fi koyar da tsarin, sannan Ulva saboda ita ta fi sauƙi da arha.

Mu fara da ɗebo ruwan. Ka samu jarka ko kwalba sabuwa fil, ta roba mai kauri ko gilashi, wadda ba a taɓa zuba fetur ko manja ko maganin feshi a ciki ba, ka ɗauraye ta da ruwan da zaka ɗiba sau biyu ko uku, ka cika ta har baki kar ka bar iska, ka rufe, ka rubuta rana da lokaci da wuri a jiki nan take, ba sai ka koma gida ba. Ka jefa ta cikin kula mai ƙanƙara, sanyin da ake so tsakanin digiri 0 zuwa 6 ne a ma'aunin Selsiyos, amma kar ta daskare. Ƙa'idar EPA ita ce a fara gwaji cikin awa 36 da ɗiba, saboda ruwan yana ci gaba da canjawa a cikin jarka, kulorin na tashi, ƙwayoyin cuta na cin abin da ke ciki, in ka bar shi kwana uku a ɗaki mai zafi to wani ruwa daban kake gwadawa ba wanda ya shiga teku ba. Sannan ruwan masai na asuba ba ɗaya yake da na azahar ba, in kana da hali ka riƙa ɗiban kaɗan-kaɗan duk awa har awa 24 ka haɗa wuri ɗaya, wannan ya fi nuna gaskiyar abin da teku ke sha a yini. Ka ɗebi na bakin bututu, in kuma kana so ka san iya inda abin ya kai sai ka ƙara da na cikin teku a nesa daban-daban, kana rubuta ko ruwa na cikowa ne ko yana janyewa a lokacin.

Dan Allah ka kula da kanka a nan. Safar hannu, takalmin roba mai tsayi, tabarau, sabulu da ruwa mai tsabta a kusa, kuma in aikin zai daɗe ka je a yi maka allurar rigakafin ciwon hanta da taifod da tetanus. Kar ka je kan duwatsu kai kaɗai, suna da santsi kuma igiyar ruwa ba ta sallama. In wurin na wata hukuma ne ko kamfani ka nemi izini a rubuce kafin ka shiga.

Da ka iso ɗakin gwaji ka auna abu biyar ka rubuta: yawan gishiri, pH wato ma'aunin tsamin ruwa, iskar oksijin da ke cikin ruwan, kulorin da ya rage, da amoniya. Zasu yi maka amfani a ƙarshe lokacin da kake neman mai laifi.

Kana buƙatar ruwan teku mai tsabta da yawa, wanda zaka riƙa sirkawa da shi. Ka ɗebo shi nesa da gari, nesa da tashar jiragen ruwa da bakin kogi, ka tace shi da matata mai ƙananan ƙofofi, ta maikiron 0.45 ake yawan amfani da ita (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), saboda kar wasu ƙananan halittu su shigo su cinye maka aiki. Kwalaben gwajin kuma wanki na musamman suke so: sabulu, ɗauraya, a jiƙa su a ruwan asid mai kashi 10 cikin 100 don ya cire ƙarfen da ya maƙale a jikin gilashi, sannan a ɗauraye da tataccen ruwa sau da yawa. In zaka haɗa asid ɗin, shi ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa cikin asid. Ɗan ɗigon sabulu da ya rage a kwalba ɗaya ya isa ya ɓata maka aikin sati biyu.

Yanzu ga tarkon da ya fi kowanne kama mutane, wato gishiri. Ruwan masai ruwan daɗi ne ta fuskar gishiri, kusan babu gishiri a cikinsa in ka kwatanta da teku mai giram 35 a kowace lita. In ka haɗa rabi da rabi kawai ka jefa ciyawa, gishirin ya faɗo zuwa 17 da ɗoriya, ciyawar zata wahala ko da ruwan rijiya mai tsabta ka zuba, sai ka tashi ka ce ka gano guba alhali ƙarancin gishiri ne ya yi aikin. Dole kowace kwalba ta kasance da gishiri daidai da 'yar'uwarta. Yadda ake yi, ka ɗauki ruwan teku mai tsabta ka ƙafar da shi a hankali, zafin kar ya wuce digiri 40, kana busa masa iska, har gishirinsa ya kai giram 100 a kowace lita, kar ya wuce haka. Ko ka sa shi a firiza ya fara daskarewa ka tsiyaye wanda bai daskare ba, shi ne mai kaurin. Wannan ruwan gishiri mai kauri shi zaka riƙa cike giɓi da shi. Ga misalin lissafi: kana so ka haɗa mililita 100 mai kashi 10 na ruwan masai, gishiri ya tsaya a 30. Ka zuba mililita 10 na ruwan masai, 4.3 na mai kauri, sauran 85.7 ruwan teku mai gishiri 30. Ka auna da rifiraktomita, wato na'urar awon gishiri, ka tabbatar, kar ka dogara da lissafi kaɗai. Da wannan hanya iyakar ƙarfin da zaka iya gwadawa kashi 70 ne, in kana son wanda ya fi haka sai ka sayi busasshen gishirin teku irin na masu kiwon kifin ado ka narka kai tsaye. Gishirin miya ba ya yi.

Sai jerin sirki. Aƙalla mataki biyar, kowanne rabin na gabansa, misali kashi 40, 20, 10, 5, da 2.5. Ka zaɓi lambobin yadda ƙarfin da kake zaton ana samu a gaɓa zai faɗo a tsakiyarsu. Bayan su akwai kwalaben kwantirol, wato waɗanda babu ɗigon ruwan masai a ciki, da su ake kwatanta komai. Iri biyu zaka yi, ɗaya ruwan teku zalla, ɗaya kuma tataccen ruwa da ka haɗa da ruwan gishirin nan mai kauri, don ka tabbatar shi kansa mai kaurin ba ya cutarwa. Kowane mataki kwalba huɗu, uku shi ne mafi ƙaranci. Ka rubuta lambobi a takarda ka yi ƙuri'a wajen jera su, saboda in ka jera masu ƙarfi duk a gefen da fitila ta fi haske ko ya fi zafi, ba zaka san ko guba ce ta kawo bambanci ko wurin zama ba.

To mu shiga Champia. Ita wannan jar ciyawa akwai namiji akwai mace, kuma a ɗakin gwaji a rabe ake rainon su cikin kwalabe ana busa musu iska ana canja musu ruwa mai abinci duk sati. In ka sa mace a ƙarƙashin madubin maikiroskof zaka ga wasu siraran gashi a bakin rassanta, su ke kama maniyyi. Namijin kuma zaka ga wasu tabo masu ɗan haske a jikinsa, daga nan maniyyin ke fita, kuma maniyyin jar ciyawa ba shi da wutsiya ba ya iyo, ruwa ne ke kai shi. Ka duba ka ga gashin nan da tabon nan kafin ka fara, in babu su ka dakata.

A kowace kwalba ka zuba mililita 100 na haɗinka, ka sa kan reshen mace guda 5 masu tsawon milimita 7 zuwa 10, da reshen namiji guda 1 mai kamar santimita 2 zuwa 3. Zafi digiri 23, gishiri 30, haske awa 16 duhu awa 8. Ka riƙa jujjuya kwalaben da hannu sau biyu a rana don maniyyin ya zagaya. Kwana 2 kacal zasu yi a ruwan gubar. A wannan kwana biyun kar ka sa sinadarin EDTA da ake yawan haɗawa cikin abincin ciyawa, domin yana kama ƙarfe ya ɓoye shi, sai ruwa mai guba ya fito maka kamar mai tsabta. Bayan kwana biyun ka cire matan kaɗai ka mai da su ruwa mai tsabta mai abinci, kana busa iska, ka bar su kwana 5 zuwa 7. Namijin ya gama aikinsa.

Abin da zaka gani a ƙarshe yana da ban sha'awa wallahi. Duk inda maniyyi ya kama, wani ɗan ƙullutu zai fito a jikin reshen mai siffar tulu, da ɗan baki a sama da ƙwayoyin iri jajaye a ciki. Waɗannan tulunan zaka ƙirga ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin madubi, ka juya reshen ka duba bayansa. Sabon hannu yakan ruɗa tulu da sabon reshe mai tohowa, bambancin shi ne tulu yana da bakin nan da duhun ciki, sabon reshe kuwa babu. Reshen da ya koma fari fat ya mutu, ka rubuta shi a matsayin matacce. Sharaɗin karɓar gwajin shi ne a kwantirol aƙalla kashi 80 cikin 100 su rayu, kuma a samu matsakaicin tulu 10 ko fiye a kowace ciyawa. In ba a kai nan ba, gwajin ya faɗi, a zubar a sake, ba a yi masa kwaskwarima. Wahalar Champia ita ce rainon, sai an samu mai kula da ita kullum da wutar da ba ta yankewa, ko a Amurka ma a 2002 EPA ta cire gwajin daga jerin waɗanda aka amince da su a faɗin ƙasar saboda ba a samu isassun ɗakunan gwaji da za a kwatanta sakamakonsu ba, duk da cewa hanyar na nan a rubuce cikin littafin.

Shi yasa nake son na Ulva ga wanda ba shi da kayan aiki masu yawa, ba sai ka yi raino ba kuma da idonka zaka ga sakamakon. Ka je gaɓa mai tsabta lokacin da ruwa ya janye, ka zaɓi ganye lafiyayye kore shar, wanda gefensa bai yi duhu ko fari ba, ka wanke yashi da ƙananan ƙwari da ruwan teku. Ka yanko 'yan da'irori masu faɗin milimita 6 daga gefen ganyen, da abin huda mai tsabta, duk daga irin wuri ɗaya. Hikimar ita ce Ulva tana da wasu sinadarai a jikinta masu hana ta sakin iri kafin lokaci, da ka yanka ta ƙanana ka wanke sai su zube, sai ta shiga haihuwa cikin 'yan kwanaki. Ka rarraba da'irorin cikin ƙananan farantan gwaji, kowanne da nasa haɗin, ka bar su awa 96, haske awa 12 duhu awa 12. A ruwa mai tsabta zaka ga launin ya tashi daga kore mai haske ya koma kore mai duhu kamar na zaitun, wato ƙwayoyin irin sun haɗu, daga nan ya koma fari bayan sun fice sun bar fanko. A nan fari alama ce ta lafiya, ka lura da kyau kar ka ruɗa shi da na Champia. Wanda guba ta kama shi ne zai tsaya kore yadda ka sa shi, ga mai kallo kamar ya fi kowa lafiya, alhali ya kasa haihuwa. Ka ɗauki hoton kowanne daga sama, nisa ɗaya haske ɗaya, ka sa a kwamfuta cikin manhajar ImageJ wadda kyauta ce, ka auna kashi nawa na da'irar ya canja launi. In kana shakkar wani farin ko mutuwa ce, ka sa shi a madubi, ɗakunan da suka saki iri zaka gan su fanko a jere tsaf.

Abu ɗaya dai, a Koriya zafin digiri 15 zuwa 20 suka samu ya fi dacewa da tasu Ulva ɗin, ta ruwan sanyi ce. Wanda ke Accra ko Tema ko Legas, tasa ta saba da ruwa mai ɗumi, sai ya fara da gwajin share fage da ruwa mai tsabta zalla a zafi daban-daban har ya gano inda kwantirol ke haihuwa sosai kuma a kai a kai, sannan ya kawo ruwan masai. Ya kuma riƙa rubuta kwanan wata na Musulunci ranar da ya tsinko, domin sakin irin Ulva a gaɓa yana tafiya da cikowa da janyewar ruwa masu bin wata.

Na Kaliforniya, wato na Macrocystis, a taƙaice: ana tsinko ganyen da ke ɗauke da iri daga gindin ciyawar, a goge, a bar shi ya ɗan sha iska cikin sanyi, a mai da shi ruwa sai ya saki irin. A zuba su kan gilashin madubi cikin haɗin, awa 48 a digiri 15, sannan a ƙirga guda 100 a ga nawa suka tsiro, a auna tsawon tsiron guda 10. Kwantirol sai ya kai kashi 70 na tsiro.

Ko wace hanya ka bi, abu biyu nake roƙonka. Na farko, mai ƙirga kar ya san wace kwalba yake ƙirgawa, wani ya rufe sunayen ya sa lambobi, domin ɗan Adam in ya san wannan ita ce mai kashi 40 idonsa da kansa zai rage ganin tulu ba tare da ya yi niyyar ha'inci ba. Na biyu, ka riƙa haɗa wani ɗan gwaji a gefe da gubar da aka san ƙarfinta, yawanci gishirin jan ƙarfe ake amfani da shi, a matakai biyar shi ma. In ciyawarka ta amsa masa yau kamar yadda ta amsa wancan watan to ma'auninka na nan daidai, in ta canja sosai to ciyawar ce ke da matsala, kuma sakamakon ruwan masai na wannan zagayen ba abin dogaro ba ne.

Karanta sakamako ba shi da wuya yadda ake tsoro. Ka fitar da matsakaicin kowane mataki ka kwatanta da kwantirol. A ce kwantirol ya ba da tulu 20, kashi 2.5 ya ba da 19, kashi 5 ya ba da 18, kashi 10 ya ba da 11, kashi 20 ya ba da 3, kashi 40 babu ko ɗaya. Lambobin misali ne na kawo don a fahimta. Lissafin ƙididdiga irin gwajin Dunnett shi zai gaya maka ko 18 ya bambanta da 20 da gaske ko sa'a ce kawai, manhajar R na yin sa kyauta. Mataki mafi ƙarfi da bai nuna illa ba shi ake kira NOEC, a misalin nan kashi 5, na samansa da illa ta fara bayyana shi ne LOEC, kashi 10, sannan ƙarfin da ya rage haihuwa da rabi shi ne EC50, a nan ya ɗan haura 10 kaɗan. Ka raba 100 da NOEC ka samu 20, ma'ana ruwan nan sai an sirka shi ninki 20 kafin ciyawa ta daina jin sa. Sai tambaya ta gaba, teku na ba shi wannan sirkin kafin ya taɓa duwatsu? Bututun da aka kai can cikin teku mai zurfi zai iya samun ɗaya cikin ɗari, wanda ke zuba a kan yashin gaɓa kai tsaye kuwa ƙila ɗaya cikin goma ma bai samu ba, ruwa iri ɗaya amma hukunci daban. In kuma ka ga a ƙananan matakai ciyawar ta ɗan fi kwantirol, kar ka yi mamaki, takin nan ne, ka rubuta shi yadda yake.

In an samu guba, ana iya bin sawun mai laifi da dabara mai sauƙi: ka raba ruwan kashi-kashi, kowane kashi ka cire masa abu ɗaya ka sake gwadawa. Ka sa EDTA a wani, in gubar ta ragu to ƙarfe ne. Ka sa sodiyam tayosalfet a wani, in ta ragu to kulorin ne. Ka bi da wani ta matatar C18 mai kama sinadarai irin su maganin ƙwari da mai. Amoniya kuwa tana ƙara dafi in pH ya hau, kuma abin burgewa, a tsarin EPA na bin sawu a ruwan gishiri Ulva ɗin nan dai ake jefawa cikin ruwan ta tsotse amoniyar, sannan a gwada abin da ya rage.

Akwai abin da ciyawa ba zata gaya maka ba, ita ba ta kamuwa da kwalara ko taifod. Ruwa zai iya cin gwajin nan lami lafiya amma yana maƙare da ƙwayoyin cutar da zasu kwantar da yaron da ya yi wanka a ciki ko wanda ya ci ɗanyen kifin wurin, don haka gwajin ƙwayoyin bahaya irin su E. coli daban ake yin sa kuma dole ne. Haka nan ana so a haɗa da gwajin wata dabba, ƙaramin kifi ko jatan lande, saboda gubar da ke kama ciyawa ba lallai ita ke kama dabba ba.

Ga 'yan'uwa da ke karatu ko aiki a gaɓar Afirka ta Yamma, wurin yin wannan aiki a buɗe yake. Mutanen Accra sun san Lavender Hill kusa da bakin tafkin Korle, inda aka shafe shekaru motoci na juye masai kai tsaye cikin teku kafin a gina matata a wurin, kuma duwatsun gaɓar Ghana na da Ulva. A Najeriya yawancin gaɓar yashi ne da laka, sai a nemi ciyawar a jikin duwatsun da aka jibge a mashigar tashar Legas, kuma cibiyar binciken teku ta NIOMR tana nan a Victoria Island. Ka yi gwajin aƙalla sau biyu a damina sau biyu a rani, domin da damina ruwan sama na wanko kwatocin gari gaba ɗaya ya kuma sauke gishirin bakin gaɓa, da rani kuma ruwan ya ragu amma ya yi kauri, lambar da ka samu a watan Yuli ba ita zaka samu a Janairu ba. Kowane zagaye ka ajiye hotunan da takardar ƙirga ta asali da awon zafi na kowace rana a fayil ɗaya, ranar da zaka kai wa hukuma su za a fara tambayarka.